Labarin Ɓatarwa da Rushewar Amana: Darasi daga Masu Bibiyar UFO a Amurka

Gabatarwa

Manazarta sadarwa sun bambanta jita-jita da labarin ɓatarwa. Mai yaɗa jita-jita kan yi imani da abin da yake faɗa, shi kuwa labarin ɓatarwa ƙirƙirarsa ake yi da gangan don a karkatar da hankalin jama'a. Wannan muƙala ta dubi yadda tsoron irin wannan labari ya kafu a zukatan Amurkawa masu bibiyar baƙin abubuwan da ake hangowa a sararin samaniya, waɗanda ake kira UFO.

Tushen Tsoron

A watan Janairun 1953, hukumar leƙen asiri ta CIA ta kira taron masana ƙarƙashin jagorancin H. P. Robertson. Kwamitin ya ba da shawarar a yi amfani da kafafen yaɗa labarai wajen rage wa batun kwarjini, a kuma sa ido kan ƙungiyoyin farar hula masu bincikensa. A 1997 masanin tarihin hukumar, Gerald Haines, ya bayyana cewa da dama daga cikin abubuwan da aka hango a ƙarshen shekarun 1950 jiragen leƙen asiri ne irin su U-2, amma rundunar sojin sama ta riƙa ba da bayanan da ba na gaskiya ba don ɓoye sirrinsu.

Misali mafi muni shi ne na Paul Bennewitz, ɗan kasuwa mazaunin Albuquerque, kusa da sansanin sojin sama na Kirtland. Daga 1979 ya fara ɗaukar hotunan wasu fitilu a sama, ya kai rahoto ga sojoji. Daga baya Richard Doty, jami'in sashen binciken rundunar, ya faɗa da bakinsa cewa ya riƙa ɗura masa labaran ƙarya game da halittun wata duniya. A 1988 aka kwantar da Bennewitz a asibitin masu taɓin hankali. A 1989, a taron ƙungiyar MUFON a Las Vegas, marubuci William Moore ya amsa cewa da hannunsa a wannan yaudara.

Illar da Ta Biyo Baya

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga wancan lokaci, duk wanda ya ƙaryata wata hujja a cikin wannan rukuni sai a zarge shi da zama ɗan leƙen asiri. Wanda kuma ya zo da hujja mai ban mamaki, shi ma a ce turo shi aka yi don a mai da su abin dariya. Ta haka sukar ilimi ta rasa muhalli, alhali ita ce ke tace ƙarya daga gaskiya.

Kammalawa

Tsoron waɗannan mutane yana da tushe a tarihi. Sai dai babbar ɓarnar labarin ɓatarwa ita ce lalata ma'aunin da al'umma ke auna zance da shi, kuma wannan ɓarna kan daɗe bayan an tona asirin ƙaryar.