Rashin aiki ba iri ɗaya ba ne

In aka ga mutum zaune gindin bedi da hantsi, sai a ce rago ne. Ba kullum ba. Rashin aiki iri-iri ne, kowane da mafarinsa.

Wanda muka fi sani shi ne na rani. Damina a ƙasar Matameye ba ta wuce wata huɗu. In gero ya shiga rumbu, manomi ya gama sai baɗi. Shi ya sa samari ke tafiya cin rani Kano. Bayan farin 1984, shugaba Seini Kunce ya matsa a yi noman rani. Masu garka a fadamar Korama suna shuka rake da tumatir. Amma ba kowa ke da fadama ba.

Akwai wanda ke zuwa in sana'a ta mutu. Tsofaffi sun tuna zamanin gyaɗa. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA don sayen gyaɗa. Da kaka ta yi, ga masu awo, ga masu ɗinkin buhu, ga ƴan dako, ga direbobi. Har injin matsar mai akwai a Matameye. Sai farin 1973 ya zo, cuta ta bi gyaɗar a 1975. Gyaɗa ta faɗi, ayyukan nan suka bi ta. Wannan ya fi na rani muni, don saukar ruwa ba ta maganinsa.

Wani na ɗan lokaci ne. Da Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ƴan dako da masu mota da yawa sun zauna. Wani kuma na ƴan lakwal ne: ga takarda a hannu, babu wurin aiki.

Na ƙarshe ɓoyayye ne, kuma a ganina shi ya fi cin mu. Uba ya bar gona guda, ƴaƴa shida suka raba. Kowa ya ce yana noma. Amma aikin ƴan kwanaki ne, hatsin ba ya kai su wata uku. Wannan na cikin abin da ke tura mata bara Aljeriya. A Oktoba 2013, mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada, kusa da iyakar ƙasar. Yawancinsu mata ne da yara, kuma da yawa daga nan ƙasar Kance suka tashi.