Rediyon da ake haɗawa a gida: me ya sa osileta ke ba masu sha'awa wahala?

A watan Satumba na 2021 hukumomi suka katse layukan wayar salula a wasu ƙananan hukumomin jihar Katsina, ciki har da Safana da Batsari, a wani yunƙuri na toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Sai a watan Disamba aka fara maido da layukan.

A tsawon waɗannan watanni, mutanen Tsaskiya da sauran garuruwan da ke maƙwabtaka da dajin Rugu sun koma ga akwatin rediyo domin jin abin da duniya ke ciki. Sai dai akwatin rediyo kunne ne kawai, ba shi da baki. Mutum zai ji labarin Abuja, amma ba zai iya sanar da ɗan'uwansa da ke Katsina cewa yana nan lafiya ba.

Akwai rediyon da ke ji kuma yake magana, ba tare da dogaro da turken wani kamfani ba. A ƙasashe da dama, masu sha'awar wannan fasaha kan haɗa irinsa da hannunsu, su karɓi lasisi da lambar kira, su yi hira da takwarorinsu a gajeren zango. Lambar ɗan Najeriya kan fara da 5N, ta ɗan Nijar kuma da 5U. A lokacin ambaliyar tsunami ta Disamban 2004, irin waɗannan mutane ne suka riƙa isar da saƙonni daga tsibiran Andaman na Indiya bayan da wayoyi suka mutu.

Zuciyar na'ura

Kowace irin wannan na'ura tana da wani ɗan sashe da ake kira osileta. Aikinsa shi ne ya juya wutar batir, wadda ke tafiya miƙe, ta koma mai kaɗawa sau miliyoyi a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan aka ce tasha tana kan megahaz 7, ana nufin wutar tana kaɗawa sau miliyan 7 a daƙiƙa.

Duk wanda ya taɓa jin lasifikar masallaci ta ɗauki kuka saboda an matso da makirfo kusa da ita, ya riga ya ga asalin yadda abin yake. Sautin da ya fita ya sake shiga makirfo, aka ƙara masa ƙarfi, ya sake fita, har ya zama kuka mai ci da kansa. Osileta ma haka take, sai dai da gangan ake mayar da wani ɓangare na abin da transista ta fitar zuwa bakinta. Nannaɗaɗɗiyar waya da kondensa su ne ke yanke yawan kaɗawar, kamar yadda ɗaurin tsirkiya ke yanke muryar goge.

Tsare-tsaren da ake bi har yau tsofaffi ne. Ralph Hartley ya fito da nasa a 1915, Edwin Colpitts kuma a 1918, dukansu a Amurka. A farkon shekarun 1920 Walter Cady da George Pierce suka nuna cewa ɗan yankin dutsen kwaz zai iya riƙe kaɗawa a wuri ɗaya fiye da waya da kondensa. Irin wannan dutse ne ke cikin agogon hannu mai batir, yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. Tsofaffin talabijin masu launi da ke jibge a shagunan masu gyara su ma suna ɗauke da mai megahaz 4.43, wanda masu haɗa rediyo kan ciro su yi matatar sauti da shi.

Sa osileta ta tashi ba wani abin wahala ba ne. Wahalar tana wajen sa ta tsaya inda aka ajiye ta, kuma ta bayar da daidai ƙarfin da ake buƙata.

Ƙarfi kaɗan, amma daidai

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne neman osileta ta yi ƙarfi. Ba aikinta ba ne. Abin da take fitarwa da miliwat ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na wat. Masu sana'ar kan yi amfani da ma'aunin dBm, inda sifili ke nufin miliwat 1, kuma duk ƙarin 3 ke nufin ƙarfin ya ninka sau biyu.

Yawan abin da ake so ya danganta da sashen da zai karɓa. Mahaɗar sigina mai dayod huɗu, wadda ta yi fice a na'urorin gida, tana son kimanin dBm 7, wato miliwat 5, ko rabin bolt a kan om 50. In aka ba ta ƙasa da haka sosai, dayod ɗin ba za su buɗe su rufe yadda ya kamata ba, rediyon ya zama kurma, tashoshi masu ƙarfi su danne masu rauni. Ita kuwa 'yar na'urar NE602, kashi biyu zuwa uku cikin goma na bolt ya ishe ta. Abin da ya ƙosar da wannan, yunwa ce ga waccan.

In aka matsa wa osileta ta bayar da fiye da ƙima, abu biyu kan faru. Na farko, transista da wayar su ɗauki zafi, kaɗawar ta fara zamewa. A megahaz 7, zamewar kashi ɗaya cikin dubu goma kacal ta kai haz 700, alhali faɗin hanyar da murya ke bi bai wuce haz 3,000 ba. Kafin a gama gaisuwa, muryar abokin hira ta koma ta agwagwa. A yammacin Katsina, inda zafin bazara kan haura digiri 40 sannan asubahin hunturu ya zo da sanyi mai ratsa ƙashi, na'urar da aka daidaita da hantsi ba lallai a same ta a wurin da la'asar ba. Shi ya sa ake zaɓar kondensa mai alamar NP0, wadda zafi bai cika canza ta ba, a kuma rufe sashen a cikin gwangwani, domin ko hannu aka kai kusa da wayar, kaɗawar kan gusa.

Na biyu ya fi haɗari. Siginar da aka matsa wa kan fito da ninkinta, sau biyu, sau uku, har sama, tare da wasu tarkace a gefe. Ga yaron da ya haɗa 'yar tashar FM a ɗakinsa, ya kamata a san cewa zangon FM ya ƙare ne a megahaz 108, daga nan zuwa 137 kuwa na jiragen sama ne.

Maganin da aka sani shi ne a bar osileta ta yi aikinta a hankali, a sa wata transista a bayanta ta zama shamaki tsakaninta da sauran sassa, sannan a ɗaga ƙarfin mataki-mataki, a tace shi kafin ya kai eriya.

Darasi daga Haidarabad

A farkon shekarun 2000, wani injiniya a birnin Haidarabad na Indiya, Ashhar Farhan, ya tsara rediyon da ya kira BITX20, mai aiki a megahaz 14, musamman domin waɗanda ba su da halin sayen kayan Turai. Da transistoci na gama-gari ya yi shi, wayar kuma ya naɗa ta a kan zoben roba na famfon ruwa. Kusan duk abin da tsarin ke buƙata irin kayan da ake samu ne a wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo a kasuwar Sabon Gari ta Kano.

Daga baya 'yar na'urar Si5351 ta sauƙaƙa matsalar zamewa, domin daga dutse ɗaya takan fitar da kaɗawa uku daban-daban. Amma siginarta cike take da ninki, saboda haka matata ta zama dole.

Rediyo mai wat 5 a megahaz 7, da waya a shimfiɗe tsakanin itatuwa biyu, kan tura sigina sama ta dawo ƙasa a tazarar ɗaruruwan kilomitoci. Daga Safana, wannan ya haɗa da Katsina da Kano da Maraɗi.

Sai dai doka ba ta bar abin sakaka ba. Dokar sadarwar rediyo ta 1961 ta haramta amfani da na'urar watsa sigina ba tare da lasisi ba, kuma buɗe tashar da jama'a za su saurara sai da izinin hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992. Lasisin masu sha'awa ma bai yarda da kasuwanci ko saƙon da aka ɓoye ma'anarsa ba: duk mai akwatin da ya dace zai ji abin da aka faɗa, har da wanda ke cikin daji. A yankin da jami'an tsaro ke farautar masu kai wa 'yan bindiga labari kuwa, wanda aka samu da eriya da na'urar magana babu takarda a hannu, zai sha tambayoyi kafin a yarda cewa sha'awa ce kawai.