Hoton Suna a Ɗakin Mai Jego: Abin da Za Ki Duba Kafin Ki Sayi Ƙaramar Kyamara

Uwargida, ki buɗe wayarki ki duba hotunan sunan da kika halarta na ƙarshe. Waɗanda aka ɗauka a tsakar gida da hantsi sun fito tas. Waɗanda aka ɗauka a ɗakin mai jego kuwa, fuskoki sun yi dishi-dishi, hannun jariri ya zama kamar hayaƙi, ga wani yashi-yashi a jikin hoton.

Haka ta faru da mu a Bungudu ranar sunan ɗan ƙanwata. Kakarmu ta karɓi jaririn tana yi masa addu'a, ba wuta, sai ɗan hasken taga. Hoto bakwai na ɗauka, babu wanda fuskarta ta fito sosai. Ba ta ga Sallar da ta biyo baya ba, Allah Ya jiƙan ta. Tun daga nan na shiga binciken dalili, kuma amsar tana cikin wani ɗan abu da ake kira sensa.

Mece ce sensa?

Sensa ɗan faranti ne a bayan gilashin kyamara, shi ke karɓar haske ya mayar da shi hoto. Ki tuna yadda muke tarar ruwan sama da damina. Idan ana sheƙa ruwa, kofi ma zai cika. Idan yayyafi ake yi, mai baho ce kaɗai za ta samu abin kirki. Hasken rana ruwa ne mai ƙarfi, hasken ɗaki kuwa yayyafi ne. Ƙaramar sensa ba ta tara isasshen haske a ɗaki, sai kyamarar ta daɗe a buɗe tana jira, ko ta ƙara wa hoton haske na dole. Na farko ke sa duk abin da ya motsa ya yi hazo, na biyu ke kawo yashin nan.

Ga girman da za ki riƙa gani a rubuce a jikin kwali:

1/2.3": kusan milimita 6 da 4.5. Ita ce a yawancin ƙananan kyamarori masu araha, kuma ba ta fi ta wayoyi da yawa ba.

1": milimita 13.2 da 8.8. Faɗinta ya ninka na farkon kusan sau huɗu. Sunan "inci ɗaya" gado ne daga tsofaffin kyamarorin talabijin, sensar ba ta kai inci ba.

APS-C: kusan milimita 23.5 da 15.6, wato ta ninka mai inci ɗaya kusan sau uku.

Ga hotunan gida, mai inci ɗaya ta wadatar, kuma tana shiga jakar hannu. Kamfanin Sony ne ya yi fice da irinta a 2012 da RX100, Canon ya biyo da PowerShot G7 X a 2014, sannan Mark II a 2016 da Mark III a 2019. Ricoh GR III ta 2019 tana da APS-C, sai dai ba ta janyo abu daga nesa, kuma kuɗinta ya fi.

Kada lambobi su ruɗe ki

Mai shago zai fara da megafiksel. Wayarki ma wataƙila an rubuta mata 50 ko 108. Megafiksel yawan ƙananan gidajen da aka raba sensar ne. Tuwo ƙwarya ɗaya, ko an yanka shi gida ɗari, bai ƙaru ba. RX100 megafiksel 20 gare ta, kuma sun ishe ki wanke babban hoton da za a rataya a falo.

Sai zum. Kyamarar aljihu mai janyo abu sau 30 ko 40 galibi ƙaramar sensa gare ta. Za ta kawo miki ƙolin Dutsen Kwatarkwashi daga bakin titi, amma a ɗakin amarya ranar kamu za ta ba ki kunya.

Lambar da ta cancanci ki duba bayan sensa ita ce mai harafin f a bakin gilashi. Mu ma'aikatan jinya kullum muna haska ƙwayar idon majinyaci da tocila, mu ga ta tsuke, in an kawar da haske ta buɗe. Gilashin kyamara ma haka yake. Ƙanƙantar lambar, girman buɗewar: f/1.8 tana shigar da haske kusan ninki huɗu na f/3.5. Da irin wannan ba sai kin kunna filasha a fuskar jariri ya razana daga barci ba.

In ta hannu za ki saya

Da wuya ki samu irin waɗannan a jere a shagunan Gusau. Galibi sai an yi saƙo daga Kano, Abuja ko Computer Village ta Ikeja, kuma farashin yana bin dala. G7 X ma ta ƙara tsada tun da masu TikTok suka yi mata caa. Don haka ta hannu ba abin kunya ba ce, amma wanda zai karɓo miki ya yi waɗannan:

Ya ɗauki hoton farin bango ko sararin sama, ya faɗaɗa. Ɗigon da ke maimaituwa a wuri ɗaya ƙura ce a ciki, kuma gilashin waɗannan kyamarori ba a cire shi a gida.

Ya kunna ya kashe sau da yawa, ya ga gilashin yana fita yana komawa ba ƙara, ba cijewa.

Ya ɗauki hoton mutum a lungun shago mafi duhu, ya turo miki.

Ya tabbatar tana da Wi-Fi don tura hoto waya. RX100 ta farko ba ta da shi, sai daga ta biyu, ta 2013.

Ya haɗo da batir na biyu da memori. Batirinsu ƙarami ne. Jerin RX100 suna caji ta USB, don haka fawa bank zai fitar da ke ranar da ba wuta.

Bayan ta iso, babbar abokiyar gabarta ƙurar hunturu ce. In za ki biki Tsafe, ki sa ta cikin jakarta mai zif, kada ki kunna ta a mota taga na buɗe, kada kuma ki goge gilashin da bakin mayafi.

Shin dole ce?

A'a. In yawancin hotunanki na waje ne da rana, wayarki ta isa, kuɗin ya tafi makarantar yara. Ki matsar da mai jego kusa da taga, ki ɗage labule, ki jingina gwiwar hannunki a jikinki kafin ki danna. Amma in ke ce mai ɗaukar hoton dangi a kowane suna da saukar Alƙur'ani, ko kina sayar da atamfa da leshi kina son launi ya fito yadda yake, babbar sensa za ta biya kuɗinta. Ki riƙa tura hoton ta WhatsApp a matsayin fayil, don kada ya matse shi ya rage masa kyau.

Kuma ki nemi izinin mai jego kafin hoton ɗanta ya hau sitatus. In a asibiti ne, ki tabbatar gadon maƙwabciyarta bai shiga ba.

Duk abin da kika ɗauka da shi, ki wanke ko da uku ne ki ajiye a ƙasan akwati. Waya tana faɗawa ruwa, memori yana ɓata. Ke fa, wane hoto ne kika so ya fito bai fito ba?