Ƙarar giya a titunan Ulaya: maganganun da ke gaskiya da waɗanda ke cin kuɗin direba

Unguwar Ulaya ita ce zuciyar kasuwancin Riyad. Titin Sarki Fahad da Titin Ulaya sun ratsa ta suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ga dogon benen Faisaliyya da aka buɗe a 2000, ga Burj al-Mamlaka na 2002 can arewa da shi. Masu ofisoshin cikin waɗannan benaye kusan duk otomatik suke hawa. Amma ruwan sha da kwalayen kwamfuta da kayan gini da ma'aikatan da ake kaiwa ana ɗaukowa, har yau da yawansu a kan giyar hannu suke zuwa, a Hilux da Hiace da ƙananan motocin kaya irin su Dyna. Cikin masu riƙe da sitiyarin akwai 'yan'uwanmu Hausawa, wasu haifaffun ƙasar, wasu daga Kano ko Katsina ko Maraɗi. Jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara bin ƙarƙashin Titin Ulaya a Disamban 2024 ya ɗauke wasu fasinjoji, amma jirgi ba ya kai kaya ƙofar shago, don haka direban kaya yana nan cikin cunkoso, ƙafarsa ta hagu tana hawa tana sauka.

Inda kulochi ke shan wahala haka, shawara ba ta yankewa. A wajen shan shayi bayan Isha'i, a rukunin WhatsApp na direbobi, kowa da maganinsa. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu rabi da rabi, wasu kuwa su ne suke kashe motar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutumin da ya tara kuɗi shekara da shekaru ya sayi motarsa, a sa shi ya biya kuɗin sauke giyabos alhali matsalar ba ta wuce ɗan kofin man birki ba.

Babbar jita-jitar ita ce wai da zarar giya ta fara ƙara, giyabos ya mutu. Ba haka ba ne, kuma sai an san yadda abin ke aiki za a ga dalili. Akwai fulawil da ke jikin inji yana juyawa tare da shi. Akwai faranti mai fata a fuska biyu, wanda ke zaune a kan sandar da ke shiga giyabos. Sai murfi mai sifirin da ke matse farantin a jikin fulawil. Idan ka taka feda, wani boris ne ke danna sifirin ɗin, murfin ya saki, faranti ya rabu da inji. A garejojin Sina'iyya za ka ji ana ce wa faranti da murfi da boris sahan da disk da fahma, kuma da sunayen nan ne za ka nemi kaya a shago.

A cikin giyabos kuwa, manyan giyoyin gaba kullum haƙoransu a sarƙe suke, ba sa rabuwa balle su yi karo. Abin da hannunka ke turawa wata munduwa ce mai ƙananan haƙora, wadda ke kulle giyar da ka zaɓa a jikin sanda. Kafin ta kulle, wani zoben tagulla ne ke fara gogawa ya daidaita gudun ɓangarorin biyu. Wani injiniya ɗan Amurka, Earl Thompson, shi ya ƙirƙiro dabarar, kamfanin Cadillac ya fara sa ta a motocinsa a 1928. Kafin nan direba da kunnensa da ƙafarsa yake daidaita gudun, shi ya sa tsofaffin direbobin manyan motoci marasa wannan zobe na hanyar Kano zuwa Legas suka ƙware a taka kulochi sau biyu. To, ƙarar da kake ji ƙananan haƙoran nan ne suke haɗuwa alhali gudunsu bai zo ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza: ko dai kulochi bai saki gaba ɗaya ba, inji na ci gaba da juya sandar, zoben kuma ba shi da ƙarfin tsayar da inji, ko kuma zoben ne da kansa ya cinye. Na farko sau da yawa gyara ne na waje, mai sauƙi. Na biyu shi ne ke buƙatar buɗe giyabos.

Rarrabe su ba ya buƙatar ko riyal ɗaya. Kashe inji ka zagaya giyoyin duka. Idan ko inji a kashe suna ƙin shiga, a fara duba wayoyi da robobin da ke haɗa sandar giya da giyabos. Idan suna shiga lafiya, kunna inji, taka kulochi har ƙasa, ka ƙirga biyar, sannan ka sa ribas. In har yanzu ta yi ƙara, ga giya ta ɗaya tana taurin shiga, ko motar tana ɗan rarrafawa alhali ƙafarka na ƙasa, to kulochi ne bai saki ba. Idan kuwa komai lafiya a tsaye, amma giya guda ɗaya tak, galibi ta biyu ko ta uku, take ƙara in ka canza da sauri, ta yi shiru in ka canza a hankali, zoben wannan giyar ne ya gaji. Duk bakaniken da ya ce a sauke giyabos kafin ya yi wannan gwaji a gabanka, ka ce masa: Malam, mu fara da na waje tukuna. Kuma kafin ma ka je gareji, leƙa ƙarƙashin feda. Dardumar da ake ninkawa a shimfiɗa a ƙasan direba don ƙura takan hana feda kaiwa ƙarshe, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa giya ƙara.

Ribas tana da nata hukuncin. A motoci da yawa ba a sa mata zoben tagulla ba, saboda haka in ka taka kulochi ka jefa ta nan take, za ta ɗan yi gurnani ko da motar sabuwa ce. Masu cewa a fara sa giya ta ɗaya sannan a koma ribas sun faɗi gaskiya, domin zoben ta ɗaya shi zai tsayar da sandar.

Magana ta biyu da ta yi ƙarfi a nan ita ce ta mai. Ana cewa zafin Riyad, inda Yuli da Agusta kan wuce digiri 43, yana tsinka man giya, don haka a zuba mai kauri lamba 140, wasu har su ƙara giris, ƙara za ta ɗauke. Akwai ɗan gaskiya a gindin maganar. Idan mai ya yi ƙasa ko ya tsufa, giya takan yi tauri ta riƙa kuka, kuma canza shi da wanda ya dace yakan kawo sauƙi. Amma kauri ba magani ba ne. Zoben tagulla sai ya matse man da ke tsakaninsa da ƙarfe ya fitar kafin ya kama, kuma iya kaurin mai iya jinkirin kamawar. Wanda ya zuba mai kauri a watan Agusta zai gane kurensa da asubahin Janairu, lokacin da sanyin Riyad ke sauka ƙasa da digiri 10, giya ta biyu ta ƙi shiga sam. Kaurin yana danne sauti ne kawai, ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye.

Haka nan masu ɗauka cewa GL-5 ya fi GL-4 saboda lambarsa ta fi girma. GL-5 an yi shi ne musamman don giyoyin aksil na baya, an cika masa sinadaran sulfa da fosfaras masu jure matsi, kuma a wasu giyabos yana rage wa zoben tagulla kamu. Wasu kamfanoni sun yarda da duka biyun, wasu GL-4 kaɗai, akwai ma giyabos ɗin hannu da aka rubuta musu mai mai tsinki irin na otomatik. Littafin motar shi ne alƙali, ba mai shago ba. Sannan a riƙe wannan: kulochin waɗannan motoci busasshe ne, man giya ba ya taɓa shi. Duk wanda ya ce canjin mai zai hana kulochi sulɓi bai san inda farantin yake ba. In ka ga mai a jikin faranti, wani sil ne ya fashe, na bayan inji ko na bakin giyabos, kuma in ba a canza sil ɗin ba, sabon farantin ma zai jiƙe.

Akwai masu cewa in giya ta ƙi shiga, ka buga feda sau uku ko huɗu, shi ke nan. Lallai takan shiga, amma motar tana gaya maka wani abu ne. A motocin da kulochinsu ke aiki da mai, akwai masta na sama a bayan feda da na ƙasa a gefen giyabos. In iska ta shiga bututun, ko robar ciki ta fara zubarwa, taki ɗaya ba ya kai turi har ƙarshe. Duba ɗan tulun mai, shafa bayan feda ka ji ko da danshi, leƙa na ƙasan. Fitar da iska ko canza masta aiki ne na ɗan lokaci. Barinsa kuwa shi ne hanyar da ƙaramar matsalar kulochi take zama babbar matsalar giyabos, domin duk shigar giya da ƙarfi zoben tagulla ne ke biya.

A nan ne kuma ake yaɗa maganar da ta fi kowace haɗari, wai in ka rasa man birki a hanya ka zuba kowane mai, ko baƙin mai ko man sitiyari. Kada ka kuskura. Robobin ciki an yi su ne don man birki, DOT 3 ko DOT 4 kamar yadda aka rubuta a murfin tulun, man inji kuwa kumbura su yake yi su lalace. A motoci da yawa tulu ɗaya ne ke shayar da kulochi da birki, ke nan wanda ya yi wannan ya taɓa birkinsa ma, a kan titin da motoci ke gudu a kowane gefe.

Batun danne kulochi a danja, shawarar daidai ce amma dalilin da ake bayarwa ba daidai ba. In ka taka har ƙasa, faranti a sake yake, ba ya ƙonewa. Boris ɗin nan ne ke juyawa cikin matsi ba gaira ba dalili, don haka a mayar da giya firi a ɗaga ƙafa. Abin da ke cin faranti shi ne rabin kulochi. Riƙe mota da shi a hawan fitowa daga ramukan Titin Sarki Fahad, ko a gangaren fita daga wurin ajiye motoci na ƙarƙashin bene, ko rarrafe taku-taku a cunkoson yamma da ƙafa a rataye, nan ne kake jin warin ƙauri. Birkin hannu shi aka yi don hawa. A cunkoso kuma ka bar ɗan tazara, ka saki feda gaba ɗaya motar ta tafi da kanta a giya ta ɗaya, ko da na baya yana danna maka ham. Shi ya sa ban yarda da masu ɗora wa yanayi laifi ba, masu cewa a Riyad dole a canza kulochi duk shekara. Zafin da gogayya ke haifarwa a fuskar faranti ya ninka zafin rana sau da yawa. Ƙafar direba da nauyin lodi su ne ke yanke wa faranti kwanansa.

Ɗora hannu a kan sandar giya ana tafiya yana ɗan matsa wa cokalin da ke tura munduwar, ɓarnar kaɗan ce amma gara a bari. Tashi da giya ta biyu don a huta da canji kuwa, wannan na manyan motoci ne masu giyar farko ta jan nauyi, su ma in babu kaya. A Hilux mai lodi, ƙona faranti ne tsagwaronsa.

In har ta tabbata sai an sauke giyabos, za a sami mai cewa a canza faranti kawai, sauran da sauransu. Araha ba ta ado. Mafi yawan wahalar aikin da kuɗinsa a saukewa da mayarwa suke, kuma murfi da boris sun yi tafiya ɗaya da farantin. In boris ya fara kuka bayan wata biyu, sabon kuɗin aiki ne daga farko. A canza ukun tare, a duba fuskar fulawil ko ta yi tabon zafi ko tsagewa, a duba ɗan boris ɗin tsakiyarsa, wanda in ya cije shi ma yana hana kulochi saki. Wasu motocin dizal na zamani suna da fulawil mai ɓari biyu da sifirin a tsakani, irin wanda kamfanin LuK na Jamus ya fito da shi a 1985, shi ba a cika gyara shi ba, sai dai canji. Game da kayan tashlih, wato kayan da ake cirewa daga tsofaffin motoci, na Ha'ir da ke kudancin gari, ra'ayina ɗaya ne da na kayan Beljiyam a Ƙofar Ruwa: giyabos na hannu in an ba ka sharaɗin mayarwa abu ne mai ma'ana, amma farantin da wani ya riga ya ci rabinsa bai cancanci kuɗin ɗaurawa ba. Sunayen da aka sani su ne Aisin da Exedy da Valeo da Sachs da LuK, kuma duk ana buga jabunsu, saboda haka ka tafi da lambar shasi ka karɓi rasit. Masu cewa a ɗaure kulochi ya daina sulɓi suna da gaskiya a motar da ke aiki da waya, in wasan feda ne ya ƙare. Fatar da ta cinye kuwa ɗauri ba ya dawo da ita.

Ga mai shirin sayen mota ta hannu a Haraj ko a wuraren baje motoci na Shifa da Ƙadisiyya, kada takardar fahas, wato ta binciken lafiyar mota, ta ruɗe ka. Masu fahas suna duba birki da fitilu da hayaƙi da ƙarƙashin mota, ba sa buɗe giyabos, ba sa auna kaurin faranti. Ka nemi a ba ka motar da sanyin safiya kafin a ɗumama ta, domin gajiyayyen zobe a sanyi yake tona kansa. Ka canza daga ta ɗaya zuwa ta biyu da ɗan sauri, ka sauko daga ta uku zuwa ta biyu, kana saurare. Sannan a fili, kana tafiyar kilomita 40 ko 50, ka sa giya ta huɗu ka taka totur sosai. In allurar inji ta tashi sama, gudun mota bai bi ta ba, kulochin yana sulɓi, sai ka cire kuɗin faranti da murfi da boris da na aiki daga farashin kafin ku ƙulla ciniki.