Tsuntsun Da Aka Zaci Ya Ƙare

A tsibirin Bamuda, cikin tekun Atlantika, akwai tsuntsun teku mai suna kahau. Turawan da suka sauka can sun yi ta cinsa, aladu da ɓeraye na cinye ƙwansa, har aka yi shekara 300 ana zaton ya ƙare. A 1951 aka gano ragowar ma'aurata 18.

Macen ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, cikin rami. Saboda haka David Wingate ya gina musu ramukan siminti, aka tsuke bakin ramuka da katako kada wasu tsuntsaye su shiga su kashe 'ya'yan. Aka kuma yaƙi ɓeraye. Zuwa 2023 ma'auratan sun haura 150.

Jama'a, da ba a tsare ƙwan ba, da yanzu sai labari.