Sarkin Ƙofa a Cikin Ƙwayar Halitta

Ƙofar Durbi ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Katsina. A zamanin da, kowace ƙofa tana da mai tsaronta, wanda ba ya bukatar sanin sunan ɗan hari kafin ya yi gangami. Duk wanda aka gani inda bai kamata ba, abin tuhuma ne. A kan irin wannan ƙa'ida aka gina wani sashe na garkuwar jiki da ake haihuwar ɗan Adam da shi.

Jikin mutum ya ginu ne da ƙwayoyin halitta, kuma kusan kowace tana ɗauke da DNA, wato sinadarin gado. Muhallinsa biyu ne kacal: cibiyar ƙwayar, da wasu 'yan ɗakunan samar da ƙarfi da ake kira maitokondiriya. Idan aka same shi a ruwan da ke kewaye da cibiya, to ko dai ƙwayar cuta ce ta shigo, ko kuwa ƙwayar halittar ce ta lalace.

A shekarar 2008 Glen Barber da abokan aikinsa a Miami ta Amurka suka bayyana wani furotin mai suna STING. A 2013 kuma Zhijian Chen na Dallas ya bayyana cGAS, wanda shi ne mai tsaron. Da zarar cGAS ya cafke DNA a wajen muhallinsa, sai ya ƙera wani ɗan saƙo mai suna cGAMP. Saƙon ya tayar da STING, shi kuma ya sa ƙwayar ta fitar da intafaron, sinadarin da ke gargaɗin maƙwabta su ɗaura ɗamara. Wannan aiki ya sa aka ba Chen lambar yabo ta Lasker a 2024.

Tsarin ya girmi ɗan Adam nesa ba kusa ba. A 2019 Rotem Sorek da ayarinsa suka nuna cewa bakteriya, har da mai haddasa kwalara, suna da makamancinsa. Idan bairos ya shiga ƙwayar bakteriya, sai ta ƙera irin wannan saƙo, ta kashe kanta kafin baƙon ya hayayyafa, don 'yan'uwanta su tsira. Masana na ganin daga wannan tushe namu tsarin ya samo asali. Su ma maharan ba su zauna ba: dangin bairos ɗin agana da ƙyandar biri suna da dabarun toshe wannan gangami.

To, ina ruwan Bakatsine da wannan? Amsar tana cikin zazzaɓin cizon sauro, wanda ke cika asibitocinmu da yara kowace damina. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun nan sun nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya 'yan Nijeriya ne. Ƙwayar cutar tana ɓuya ne a cikin jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ba su da cibiya, ba su da DNA, don haka babu mai yin gangami a ciki. Amma idan fararen ƙwayoyin jini suka haɗiye jar ƙwayar da ta kamu, DNA na cutar yakan ɓulla cikin ruwansu. Wani bincike da aka buga a 2018 ya nuna cewa cGAS ne ke gane shi a nan, ya sa a fitar da intafaron.

Sai dai gangamin ba kullum yake zama alheri ba. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna intafaron yana taimakawa a farkon kamuwa, amma idan ya yawaita ko ya daɗe, yakan raunana sauran dakarun jiki, ya ƙara kumburi. Dalili kuwa shi ne cGAS ba ya bambance DNA na gida da na baƙo. Yaran da aka haifa da naƙasa a TREX1, furotin mai share tarkacen DNA, jikinsu yakan yi ta yaƙi da kansa, har ƙwaƙwalwa ta illata. Kowane allazi da nasa amanu. Shi ya sa masu haɗa magunguna ke neman abu biyu: mai kwantar da wannan tsari ga masu irin wannan ciwo, da mai zuga shi a kan ciwon daji.

Mai karatu zai lura cewa garkuwar haihuwa jinkirta cuta take yi, ba ta isa ta kawar da zazzaɓin cizon sauro ita kaɗai. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 bai tara garkuwar da manya suka samu ta yawan kamuwa ba. Gidan sauro, da maganin kariya na damina, da gwajin jini da wuri, su ne ke cike wannan giɓi.