Hutun ma'aikacin jirgin ruwa: Yadda kwanaki da kuɗi ke ƙarewa tsakanin kasuwannin New Bell da hanyar gida

Duk lokacin da Sallah ta gabato, a cikin cunkoson masu sayayya a Marché Congo da Marché Central na birnin Duwala akwai wasu mutane da 'yan kasuwa da teloli suka saba da su: ma'aikatan jiragen ruwa da suka sauko daga teku, waɗanda 'yan unguwa ke kira marin. Da gaggawarsu ake gane su. Ba sa tsayawa dogon ciniki, a hannunsu akwai takardar sunayen waɗanda za su yi wa tsaraba, kuma tambayarsu ta farko ga tela ita ce ko ɗinkin zai samu jibi.

A can gida kuwa, ko Garwa ne ko Marwa, ko Mubi ko Kano, ana jiran isowarsu da tunanin cewa mutumin teku ya dawo da kuɗin da ba sa ƙarewa, kuma yana da lokacin da zai zagaya dangi gida-gida. Wannan tunani yakan jawo ɓacin rai, wani lokaci har da bashi. Hutun nan a ƙidaye yake, kwanakinsa da kuɗinsa, kuma sanin yadda lissafin yake zai amfani ma'aikacin da iyalinsa baki ɗaya.

Hutu iri biyu ne

Na farko shi ne izinin sauka. Jirgi ya tsaya a tasha yana sauke kaya ko yana lodi, sai a ba ma'aikacin da ba ya kan aiki 'yan sa'o'i ya shiga gari. Wannan ba hutun zuwa gida ba ne, domin dole ya koma kafin lokacin da aka rubuta masa. A Duwala ma lamarin ya fi tsanani, saboda tashar tana cikin bakin kogin Wouri ne, kuma sai jirgi ya bi wata mashiga mai tsawon kimanin kilomita 50 kafin ya kai teku. Manyan jirage sukan jira cikar ruwa kafin su shiga ko su fita. Idan lokacin ya yi, jirgi ba ya jiran wanda cunkoson babura ya tsare a gari. Tun daga ranar 1 ga Yulin 2004 kuma, lokacin da dokar tsaron jirage da tashoshi ta duniya mai suna ISPS ta fara aiki, shiga da fita a ƙofar tasha sai da takarda.

Na biyu shi ne hutun da ke zuwa bayan an kammala wa'adin aiki a jirgi. Shi ne wanda ake haɗa kaya a nufi gida, kuma shi ne ake fatan ya dace da Sallah.

Kwana nawa doka ta ba shi?

Babbar dokar da ta shafi wannan ita ce yarjejeniyar ƙwadagon teku da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 2006, wadda aka fi sani da MLC. Ta fara aiki a ranar 20 ga Agustan 2013. Ta ce ma'aikaci yana da aƙalla kwana 2 da rabi na hutu mai albashi a kan kowane wata da ya yi yana aiki. Wanda ya yi wata 9 a jirgi ke nan ya tara kwana 22 da rabi. Ta kuma ce zamansa a jirgi bai kamata ya kai wata 12 ba kafin a mayar da shi gida, kuma mai jirgi ne zai biya kuɗin mayarwar.

Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, tutar da jirgi ke ɗauke da ita ce ke nuna dokar ƙasar da ke kansa. Jirgin da ke da tutar Laberiya ko Panama yana ƙarƙashin yarjejeniyar, domin ƙasashen biyu sun rattaba mata hannu, haka ma Najeriya tun 2013. Jiragen kamun kifi kuwa ba sa cikinta kwata-kwata. Saboda haka wanda ke aiki a jirgin kifi, abin da ke rubuce a kwantiraginsa da dokar ƙasar ne madogararsa.

Na biyu, kalmar "gida" a takardar kamfani ba lallai ta zama garinku ba. Tikitin da kamfani zai saya yakan tsaya ne a inda aka ɗauke ka aiki, ko inda kuka yi yarjejeniya tun farko. Idan an rubuta Duwala, to daga filin jirgin saman Duwala zuwa Marwa daga aljihunka ne. Wannan layi ɗaya na kwantiragi ya cancanci a karanta shi da kyau kafin a sa hannu.

Me ya sa sai New Bell?

Unguwar ta samo asali ne daga zamanin mulkin Jamus, lokacin da Turawa suka ƙuduri aniyar tayar da mutanen Duwala daga bakin kogi su mayar da su can baya. A kan adawa da wannan shiri ne aka rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell a ranar 8 ga Agustan 1914. Daga baya New Bell ta zama masaukin baƙi daga ko'ina, kowace al'umma da ɓangarenta, har da ɓangaren Hausawa da ake kira New Bell Haoussa.

Ga ma'aikacin da ya fito daga arewa, wannan yana nufin duk abin da yake bukata yana kusa da juna. Akwai masallaci, akwai ɗan'uwa ko maigidan da zai ajiye masa jaka, akwai telan da ya san ɗinkin babbar riga, akwai mai canji, akwai kuma wanda zai gaya masa halin da hanya take ciki a wannan makon. Atamfa da shadda da leshi yakan neme su a Marché Congo, kayan sari kuma ya leƙa kasuwar Mboppi.

Amma ba komai ne ya dace a saya a Duwala ba. Yawancin ragunan da ake sayarwa a birnin gab da Babbar Sallah daga arewa aka kawo su, an ɗora musu kuɗin mota da na hanya. Wanda zai yi layya a Garwa ba shi da dalilin taya rago a New Bell. Haka nan akwai kayan da ke shigowa arewacin Kamaru daga kasuwannin Najeriya, waɗanda sau da yawa za a same su a gida ba tare da an biya musu kuɗin awo a tashar mota ba. Kiran waya ɗaya zuwa ga uwargida ko ƙane, a tambayi farashin turmi a can, yakan rage nauyin jaka da na aljihu.

Hanya ma tana da nata rabon

Wanda ya nufi arewa yakan fara da Yawunde, tafiyar kimanin kilomita 240 a mota. Daga nan akwai jirgin ƙasa na kamfanin Camrail da ke tashi da yamma ya kwana a hanya, ya isa Ngaundare washegari. Layin dogon ya kai Ngaundare ne a 1974, kuma tsawonsa daga Yawunde kilomita 622 ne. A nan dogo ya ƙare. Sauran tafiyar zuwa Garwa, Marwa ko Kuseri ta mota ce. Wanda bai samu gurbi a jirgin ba sai ya bi bas ta Bertuwa, Garwa-Bulai da Maiganga. A makon Sallah kowa ne ke neman kujera, don haka wanda ya sayi tikitinsa kafin ya shiga kasuwa ya fi wanda ya gama sayayya sannan ya je tasha kwanciyar hankali.

Masu tsallakawa Najeriya suna da zaɓi fiye da ɗaya, kowanne da matsalarsa. Akwai hanyar Ekok zuwa Mfum, inda aka buɗe sabuwar gada a 2022, amma ta ratsa yankin masu magana da Turancin Ingilishi da ke fama da rikici tun ƙarshen 2016, kuma a wurare da dama ba a tafiya ranar Litinin. Akwai hanyar ruwa zuwa Kalaba. Akwai kuma bi ta Garwa a shiga jihar Adamawa. Wanda zai ci gaba zuwa Maraɗi ko Damagaram yana da wata iyakar kuma a gabansa.

Idan aka lissafa, kwana 2 na karɓar haƙƙi da sayayya, kwana 2 ko 3 na tafiya, da wasu kamar haka na dawowa, mako guda ya riga ya tafi daga cikin kwana 22 ɗin nan. Abin da ya rage shi ne za a raba tsakanin iyaye, mata, 'ya'ya, surukai da gaisuwar mutuwar da aka yi yana teku.

Kuɗi iri uku a tafiya ɗaya

Albashi yakan zo da dala ko yuro idan jirgin na waje ne. A Duwala za a canza shi zuwa sefa. Sefar Kamaru, wadda bankin BEAC ke bugawa, darajarta ɗaya da sefar Nijar ta bankin BCEAO, domin dukansu an ɗaure su ne a kan 655.957 a yuro ɗaya. Duk da haka takardun daban ne, kuma ta nan ba ta shiga kasuwa a can sai an canza, mai canji kuma ya ɗauki nasa. Idan hanya ta bi ta Najeriya, naira ta shigo lissafi. A kowane canji ana barin wani abu a baya. Shi ya sa masu dogon hannu a wannan aiki ke canza abin da za su kashe a hanya kawai, sauran su tura ta banki ko ta waya, kamar Orange Money ko MTN MoMo ga masu iyali a cikin Kamaru.

A bakin iyaka kuma jami'an duwan suna bambanta kayan amfanin kai da kayan sayarwa. Waya ɗaya da turmi uku tsaraba ce. Wayoyi goma sababbi a kwali kuwa ba wanda zai yarda na gida ne. Ajiye rasit yana rage gardama.

Kuɗin ba na Sallah kaɗai ba ne

Nan ne inda iyalai suka fi kuskuren fahimta. Ma'aikatan teku kashi biyu ne. Akwai masu aikin dindindin, kamar na jiragen da ke jan manyan jirage a tasha ko masu kai kaya rijiyoyin mai na cikin teku, waɗanda ke yin makonni a ruwa, makonni a tudu. Su kwanakinsu ne a ƙidaye. Akwai kuma 'yan kwantiragi, waɗanda aikinsu ke ƙarewa ranar da suka sauko daga jirgi. Su suna iya yin watanni a gida, amma ba ko sisi da ke shigowa har sai wani jirgin ya kira. Abin da ya dawo da shi ne zai ci da gidan tsawon wannan lokaci.

Daga cikin kuɗin ne kuma zai sabunta takardunsa. Takardar lafiyar ma'aikacin jirgi ba ta wuce shekara 2. Wasu takardun horo, kamar na kashe gobara da na tsira a ruwa, ana sabunta su duk shekara 5. Ga fasfo, ga littafin aikin teku. Wanda ke son ƙarin matsayi yana iya bukatar komawa makaranta, kamar jami'ar aikin teku ta yanki da ke Akara, wadda Kamaru na cikin ƙasashen da suka mallake ta, ko makarantar Oron a Najeriya. Idan kira ya zo takarda ɗaya ta mutu, wani za a ɗauka. Mutum yana iya rabar da kuɗin takardar lafiyarsa a barka da Sallah, ya yi asarar wata tara na albashi.

A sani kuma, yarjejeniyar ta hana dillalan aiki karɓar kuɗi daga ma'aikaci don sama masa jirgi. Abin da ke kansa shi ne kuɗin takardar lafiya, littafin aiki da fasfo. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗin gurbi, a yi hattara da shi.

Idan Sallah ta same shi a ruwa

Sallah tana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, kwantiragi kuwa da kalandar Turawa yake tafiya. Ko ranar sauka ta zo, sai wanda zai canje shi ya iso, kuma sai jirgin ya tsaya a tashar da ake iya canjin ma'aikata. A 2020, lokacin annobar korona, hukumar kula da sufurin teku ta duniya ta ce kimanin ma'aikata 400,000 ne suka maƙale a jirage bayan wa'adinsu ya ƙare. Ko ba annoba, jinkirin mako biyu ko uku ba baƙon abu ba ne.

Doka ta yi tanadi a nan ma. Dole a biya albashi aƙalla sau ɗaya a wata, kuma dole kamfani ya ba ma'aikaci hanyar tura wani kaso kai tsaye ga iyalinsa. Gidan da ke da wannan tsari ba ya jiran saukar maigida kafin a yi wa yara ɗinki. Idan kuma mai jirgi ya yi wata 2 bai biya ba ya yi watsi da ma'aikata, gyaran da ya fara aiki a Janairun 2017 ya wajabta inshorar da za ta biya albashin da ya kai na wata 4 da kuɗin komawa gida. Ana liƙa takardar inshorar a cikin jirgi. Yana da kyau ma'aikaci ya ɗauki hotonta, ya tura wa wani amintacce a gida tare da sunan jirgin da lambarsa da kwafin kwantiragi. Ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF, tana karɓar irin waɗannan koke-koke.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma wanda ya baro teku ya ratsa ƙasa guda don ya yi Idi da mahaifiyarsa ya cika wannan. Abin da ya rage ga dangi shi ne su taƙaita jerin tsarabar tun kafin ya sauko, su haɗu a gida ɗaya ya gaishe su maimakon ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin a kawo masa wata bukata a tambaye shi yaushe zai koma, da kuma ko takardunsa suna da rai.